Hawayen Kura a Dandali

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu sha labari.

Dabbobin unguwa ne suka shirya wasan kwaikwayo, Gizo ke ba da umarni. Akuya za ta fito a gawa, a lulluɓe ta da zane. Kura kuma ita ce uwa mai kuka a kanta.

Ranar gwaji, Akuya tana kwance sai ta ji wani ɗumi yana ɗiga mata a wuya.

Gizo ya ce, "Madalla, Kura. Har da hawaye?"

Akuya ta ja shi gefe. "Malam Gizo, hawayen nan fa daga baki suke fitowa."

"Tsoron jama'a ne ke damunki. Koma ki kwanta, gawa ba ta magana."

Akuya ta kasa ko tuƙa. Gobe ne wasan, kuma in Kura ta kai cizo, 'yan kallo tafi za su yi. Sai ta lallaɓa gidan Beguwa mai ƙaya, wadda ta daɗe tana roƙon a sa ta a wasa.

Ranar wasa, Kura ta faɗa kan zanen, baki buɗe. Kukan da ta fasa, har matan gari suka taya ta.

Gizo ya waiwaya, sai ga Akuya zaune kusa da shi.

Ta ce, "Ka gani, Malam? Waɗannan daga ido suke fitowa."

Ƙurunƙus, kan 'yar beguwa.