Idon Goggo Lantana da Makullin Sagiru

Ku matso, mai shayi ma ya saurara, yau na zo muku da rigima.

A Gumel akwai wata tsohuwa mai daddawa, Goggo Lantana. Idonta na hagu ya daɗe da mutuwa, da na dama take lallaɓawa. Wata safiya ta ga kamar an saki baƙin labule a gefensa. A ƙaramin asibitin unguwa aka ɗauki hoton cikin idon, aka ce sai babbar likita ta Kaduna ta gani yau ɗin nan, ta faɗi ko a taso da ita ko kada a motsa ta. Asibitin Kaduna kuwa ba ya karɓar hoton majinyaci ta hanyar da kowa ke bi. Sai ta VPN, wato ɓoyayyiyar hanya tsakanin kwamfuta da kwamfuta, wadda mai leƙe ba ya ganin abin da ke wucewa.

Goggo ba ta gane ko ɗaya ba. Cewa ta yi, "Duk wanda ya ceto min idon nan, fuskarsa zan fara kallo."

'Ya'yanta uku suka ji.

Sagiru ne ɗan fari, mai gyaran waya a kasuwa. Goggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan", ba ta kuma kallonsa a gaban mutane. Ya tarar da kwamfutar asibitin ta tsufa tukuf, tana aiki da Linux, manhajar nan da kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara. Tsohuwar VPN ɗin da ke kai ta yi mata nauyi, da an kunna sai ta sandare. Sagiru ya san wata sabuwa, 'yar ƙarama marar nauyi. Ya ɗora ta, kwamfuta ta ɗauka ba ko tari. Ita wannan makullai biyu take yanka wa kowa: ɗaya ka ba abokin hulɗarka, ɗaya ka ɓoye, ko matarka kada ta gani. Goggo tana kwance tana jinsa yana wa ma'aikatan jinya wannan lacca, har ƙasan ranta tana jin daɗi. Daɗin aiki ya kwashe shi, ya ɗauki hoton kansa a gaban kwamfuta ya tura zauren hirar dangi na waya. Makullin sirrin, wato jerin haruffa da lambobi, yana nan ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfutar, bayan kunnensa.

Balaraba, ta biyu, tana aure a Kaduna. Asibitin can ba ya karɓar makulli sai wani ya kawo da ƙafarsa, don haka ta bar tukunya a wuta ta tafi. Ta zauna a ƙofar likita har aka gaji da ganinta aka ce ta shigo. Tana nuna wa mai kula da kwamfutocin asibitin makullin da Sagiru ya turo mata ta waya, sai ta ƙara da nuna masa hoton da ya tura wa dangi, wai ya ga yayanta injiniya. Mutumin ya dafe kai. Ya ce makullin da dangi duka suka gani ba zai buɗe masa ƙofa ba, an gama magana. Balaraba ta tare bakin ofis da jikinta, ta kira waya.

"Yaya, makullin da ko matarka ba ta gani, har surukanka sun gani!"

"Ke, wa ya ce ki nuna?"

"Wa ya ce ka ɗauka? Yanko sabo, ina riƙe da bawan Allahn nan."

Ya yanko sabo, ta yi ta magiya har aka karɓa.

Mudi, autansu, gardi ne mai sayar da katifa, amma ko kan kujera ya hau jiri yake ji. Hanya ta buɗe, sai layin waya ya ƙi kamawa a cikin asibitin. Mudi ya ɗauki wayar da ke ba kwamfutar layi, ya hau tankin ruwa da tsakar rana, ido rufe, yana salati. Layin yana zuwa yana ɗaukewa, amma sabuwar hanyar ba ta fushi, da ya dawo sai ta ci gaba. Goggo tana jiyo shi ta taga: "Yaya, ya tafi? Wallahi zan faɗo!" Sagiru yana cewa, "Saura kaɗan, ɗaga hannu!" Bai sauko ba sai da hoton ƙarshe ya wuce, shi ma sai da aka ɗauko tsani da mutum biyu.

Likita ta gani, ta ce a kawo ta a kwance, yanzu. Aka yi aiki, ido ya tsira.

Ranar kwance bandeji, Goggo tana zaune tana jin numfashin mutum uku a gabanta. Ta ji turaren Balaraba, ta ji Mudi yana ture mutane, ta ji "wancan" ya ja baya can gefe kamar yadda ya saba tun yana yaro. Likita ta ce, "Goggo, buɗe a hankali." Goggo ta ƙara runtse ido.

Ba don Sagiru ba babu hanya, ko da yake shi ya kusa rushe ta. Ba don Balaraba ba babu ƙofa, ko da yake ita ta nuna hoton Sagiru. Ba don Mudi ba, da hanya da ƙofa sun zauna babu abin da ya bi ta ciki.

To jama'a, tsohuwa ba za ta kwana ido rufe ba. Fuskar wa ya kamata ta fara kallo?