Ranar da Wasan Taubasai Ya Juye wa Ado

Akwai wani ɗalibi mai suna Ado, Bagobiri ɗan Tibiri ta jihar Maraɗi, da ke karatu a sashen nazarin al'adun gargajiya na wata jami'a a birnin Yamai. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, wannan kam ba mai musu. Matsalarsa guda ce: bakinsa ya fi kansa gudu.

Shekararsa ta ƙarshe ce, kuma littafin kammala karatunsa, wanda ɗaliban can ke kira memuwar, a kan wasan taubasai yake rubuta shi.

Ga wanda bai sani ba, a Nijar akwai ƙabilun da ke wasa da juna tun kaka da kakanni. Gobirawa da Zabarmawa suna cikinsu. In Bagobiri ya haɗu da Bazabarme, wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ƙarya ne, shi ne ubangida. A yi dariya a watse, babu mai riƙe wani a zuciya.

To shi Ado sai ya mai da wannan al'ada takardar izinin cin mutunci.

A ajinsu akwai wani Bazabarme ɗan unguwar Boukoki, sunansa Yacouba. Mutum ne mai sanyin hali, kuma yana da i'ina. In ya fara magana, wani lokaci kalma kan maƙale masa, sai ya runtse ido ya yi ta fama kafin ta fito. Ado ba ya taɓa jiran ta fito. Ko dai ya ƙarasa masa maganar, ko ya kwaikwaye shi. In wani ya ce ya bari, amsarsa a shirye take:

"Taubashina ne. Mi ya shahe ku?"

Malamar da ke duba aikinsa, Madam Priska, mutuniyar Dogondutsi ce, ta daɗe tana koyarwa a sashen. Wata rana ta tsai da shi a bakin aji.

"Ado, ana wasa da ƙabilar mutum, ba a wasa da halittarshi. Ce mashi maci kopto, kwaɗon zogalen nan nasu, ce mashi bawa, duk zai rama. Amma i'ina ba Zabarmawa sunka yi ta ba, Allah ya yi ta."

Ado ya ce, "To Madam." Irin "to" ɗin nan da ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

A kowace shekara sashen yana kai ɗaliban ajin ƙarshe ƙauyuka, su zauna da tsofaffi su ji tarihi daga bakinsu. Wanda bai je wannan tafiya ba, ba a karɓar memuwarsa a shekarar, sai ya maimaita. A wannan karon ƙasar Gobir za a je. Madam Priska ta kira tarurrukan shiri, Ado bai leƙa ko ɗaya ba. Cewa ya yi, wa zai koya wa ɗan Tibiri hanyar Tibiri?

Da ya je, da ya ji labarin mutumin da tafiyar ta rataya a wuyansa. Wani dattijo ne mazaunin unguwar Kalley, ana kiransa Alfa Isma'ila. Shi ne ya aika wa tsofaffin ƙauyukan cewa su karɓi ɗaliban, kuma saboda darajarsa suka yarda.

Kafin tafiyar aka yi makon al'adu na sashen. Ɗalibai suka ƙawata babban zauren taro da tabarmi da ƙwarya da sakar hannu. 'Yan mata suka jera abincin jihohi a baranda, masu ganga suna ta gwaji a gindin bishiya. Cikin abubuwan da aka tsara har da nuna wa baƙi yadda wasan taubasai yake, kuma Ado da Yacouba aka zaɓa, tunda ɗaya Bagobiri ne ɗaya Bazabarme.

Ado yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da wani tsoho ya iso da farin rawani, ya ja amawali ya rufe fuska har kan hanci. Mutane suka yi ta rusunawa suna cewa, "Alfa, fofo," shi kuma yana amsawa da Zabarmanci tsantsa, ba ko gargada. Ado ya ji an ce Alfa, wato malam a bakin Zabarmawa, ya kuma ji harshen. A ransa ya ce, madalla, ga nama ya kawo kansa.

Wasan ya fara lafiya. Ado ya ɗauki mikro, wato makirufo, ya ce in kana neman Bazabarme kar ka wahalar da kanka, ka je inda ake kwaɗa zogale, za ka same shi a bakin kwanon kopto. Zaure ya ɗauki dariya, har Zabarmawan da ke ciki.

Yacouba ya ɗaga nasa mikro zai rama. Ya shirya amsarsa tun a gida, amma ganin taron sai kalmar farko ta maƙale.

"Kai b-b-b..."

Abin da ya kamata Ado ya yi shi ne ya tsaya. Sai ya runtse ido, ya karkace baki, ya maimaita a cikin mikro, "B-b-b-b! Moto ya ƙi tashi, ku zo mu tura!"

Wasu samari a baya suka fashe da dariya har da buga tebur. Yacouba ya tsaya jim, ya ajiye mikro a hankali, ya sauka daga dandamali.

Dariyar nan ta hau kan Ado. Ya juya ya nuna tsohon da ke zaune a layin gaba.

"Ga ma wani tsohon bawanmu can, har an ba shi kujera mai laushi! Tsoho, tashi ka gaida ubangidanka, ko kopto ya ɗaure maka ƙahwa?"

Babu wanda ya yi dariya. Madam Priska ta dafe kai.

Tsohon ya miƙe a hankali, ya sa hannu ya sauke amawalinsa. Sai ga tsagen Gobirawa a kumatunsa duka biyu, raɗau, irin na mutanen da. Ashe Alfa Isma'ila ne, kuma Bagobiri ne. Ya zo Yamai tun yana saurayi, ya tsufa a Kalley cikin Zabarmawa, har harshensu da sunan Alfa suka bi shi.

"Yaro, ɗan wane gida ne kai a Tibiri?"

Ado ya faɗi sunan kakansa.

"Na san shi. Ni da kakanka aska guda ta yi muna wanga zane. Yau jikanshi ne ka kirana bawa gaban jama'a."

Ya mai da amawalinsa ya fita.

Ku duba fa: kalmar da Bazabarme zai faɗa wa wannan tsoho a yi dariya, ita ce in ta fito daga bakin ɗan ƙabilarsa, jikan sa'ansa, ta zama zagi mai muni. Magana zarar bunu ce, kuma Ado ya zara a gaban ɗaruruwan mutane.

Kashegari saƙo ya iso sashen. Alfa Isma'ila ya ce in yaron nan yana cikin motar, ya janye hannunsa daga tafiyar, kuma ba ƙofar da za a buɗe musu. Malamai suka zauna. Ba za a hana aji guda tafiya saboda mutum ɗaya ba, sai aka cire Ado.

Ado ya tafi Kalley ba da haƙuri. Ya durƙusa a zaure ya yi ta magana. Tsohon ya amsa sallamarsa kawai, ya ci gaba da jan carbinsa har Ado ya gaji ya tashi. Madam Priska ma ta je da kanta. Alfa ya karɓe ta da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa, amma ya ce maganar yaron a bar ta.

Ado ya same ta a ofis idonsa ja wur. Shekara guda za ta tafi a banza, ga iyayensa a Tibiri sun riga sun gaya wa dangi cewa bana zai gama.

"Madam, ba sauran wata dabara?"

Ta dube shi. "Kai ne mai rubutu kan taubasai. Gaya mini, wa ne Bagobiri bai iya ƙi ma roƙo, komi zahin ranshi?"

Ado ya san amsar, har ya sha bayyana ta a aji da alfahari. Wasan taubasai ba dariya ce kawai ba. In mutum ya yi fushi har ya rantse, taubashinsa ne ke shiga tsakani, kuma abin kunya ne a mai da roƙonsa. Bagobiri, Bazabarme ne maganinsa.

Kuma Bazabarmen da ya san abin da ya faru, wanda zai iya tsaya masa, Yacouba ne.

Ado ya yi ta juya abin a ransa kafin ƙafarsa ta yarda ta kai shi Boukoki. Ya tarar da Yacouba a ƙofar gida yana wanke motonsa, wato babur ɗinsa. Ya tsaya ya ba shi haƙuri, murya ƙasa-ƙasa.

Yacouba ya matse tsumma ya dube shi. "Don n-ni ka zo, ko don t-tafiyar?"

Ado ya so ya yi ƙarya, amma ya kasa. "Tahiyar ce ta kawo ni, ba ni ɓoye maka. Amma wallahi tun ranar ban iya tuna huskarka ban ji kunya ba."

Abin ya yi wa Yacouba ciwo ƙwarai, don tun daga ranar bai sake shiga zauren ba. Amma ya rataye tsumman, ya buga moton ya ce, "Hau."

Bayan la'asar suka isa Kalley. Alfa Isma'ila yana zaune a zaure, fuskarsa a buɗe, ga shayi a gabansa. Ado ya durƙusa a bakin ƙofa. Shi kuwa Yacouba kai tsaye ya wuce, ya zauna a kan buzun tsohon, ya ɗauki kofin shayin ya shanye.

"B-bawana, ubangidanka ya zo, b-ba ka tashi ba?"

Tsohon ya ƙura masa ido. Can sai gefen bakinsa ya motsa.

"Kai, wane Bazabarme ne wanga maras kunya? Yunwa ta koro ka?"

"Na zo d-duba zanen da munka yi maka ne. Mu munka yi muku shi, don kar ku ɓ-ɓace muna a kasuwa."

Alfa ya fashe da dariya har da tari. Ya ce tun da ya zo Yamai Zabarmawa ke cin abincinsa ba godiya, yau ga ƙaraminsu ya shanye masa shayi.

Da dariya ta lafa, Yacouba ya gyara zama ya nuna Ado.

"Baba, wannan ma b-bawana ne, wawa ne kawai. Na zo roƙo. Ka y-y-y..."

Kalmar ta maƙale. Yacouba ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Ado ya san kalmar sarai, kuma shekararsa gaba ɗaya a kanta take rataye. Sabo turken wawa, sai ya buɗe baki zai ƙarasa masa.

Tsohon ya ɗaga masa hannu. "Ruhe bakinka. Ba kai anka tambaya ba."

Suka jira. Ana jin hayaniyar masu kaya a titi, zauren kuwa tsit. Ado bai taɓa sanin jiran kalma guda yana da tsawo haka ba. Ya dubi zufar da ke goshin Yacouba, ya ga irin wahalar da yake sha saboda wanda ya mai da shi abin dariya, sai hawaye suka zubo masa.

"...yafe mashi," Yacouba ya ƙarasa.

Alfa Isma'ila ya numfasa. "Bazabarme ya roƙa, ni wa ne in ƙi? Na yahe."

Sannan ya juya ga Ado. "Kana zaton kalmar bawa ce ta hi yi mini zahi? A'a. Tun kahin ka juyo kaina raina ya ɓaci, da na ga ɗan Gobir shina wulaƙanta taubashinshi da abin da Allah ya ɗora mashi. Dubi da kyau. Wanga baki da ka yi ma dariya gaban jama'a, shi ne yau ya hisshe ka."

Ado ya sunkuyar da kai.

Ranar tafiya aka gan shi yana shiga mota da jaka biyu, tasa da ta Yacouba. Yacouba ya ce ai aikin bawa ne, ɗalibai suka yi dariya, Ado ma ya yi. Har yau suna tsokanar juna kan kopto da zane. Amma in kalma ta maƙale wa Yacouba a aji wani ya yi yunƙurin ƙarasa masa, Ado ne ke fara ɗaga hannu ya ce, "Ku jira shi."

Darasi: Wasa yana da iyaka, kuma iyakarsa ita ce abin da mutum bai zaɓa wa kansa ba. Kada ka yi dariya da raunin ɗan'uwanka, kada kuma ka yanke wa mutum hukunci da harshen da ka ji yana yi ko rawanin da ka gani a kansa. Bakin da ka raina yau, wataƙila gobe shi ne zai roƙa maka. In ka san wani mai kaifin baki irin na Ado, ko mai haƙuri irin na Yacouba, tura masa wannan labari, ka kuma raba shi don wasu su amfana.