Shelar Zakara da Bakin Rijiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Shaho ya taɓa ɗaukar ɗan tsako ɗaya a garin kaji, tun zamanin kakanni. Don haka aka naɗa wa Zakara rawanin Sanƙira, mai shelar gari. Kullum sai ya hau danga ya daki ƙirji: "Shaho na tafe! Kowa ya dubi sama!"

Akwai wata kaza, Fingi, mai 'yan tsaki. Tsohuwar rijiya ce a ƙofar akurkinta, baki buɗe. Ta je ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rufe rijiyar nan. Bara ta ci mini 'ya'ya."

Zakara ya harare ta. "Ke, rijiya tana da farce ne? Wa kika taɓa ji an naɗa wa rawani don ya rufe rijiya? Koya wa 'ya'yanki duban sama!"

Fingi ta ji tsoron a ce da ita 'yar kanzagin Shaho. Ta koya musu. Suka fita kiwo, baki sama, ido sama, sai cunjum, cunjum, duk suka afka rijiya.

Tana kuka, Zakara ya zo ya leƙa rijiya, ya gyara rawani. Ya koma kan danga ya ce, "Jama'a, albishirinku! Bana ma Shaho bai sami ko ɗaya ba!"

Shi ya sa har gobe kaza ko ruwa take sha, sai ta dubi sama.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa rijiya.