Aikin Ƙwaƙwalwar da Ba a Aske Kai Ba

Akwai wata mata mai babban shagon ɗinki, ma'aikatanta suna ce mata Anti. A bayan idonta kuwa Anti Almakashi suke kiranta, domin bakinta ya fi na kan teburinta kaifi. Ba muguwa ba ce, amma tana taƙama da cewa ba a haifi wanda zai yi mata wayo ba.

A cikin ma'aikatanta akwai Maman 'Yan Biyu, mace mai sanyin hali, wadda ta fi kowa iya yanka yadi. Ta daɗe tana fama da ciwon kai. Da aka ɗauki hoton kanta a asibiti, sai aka ga wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwarta ta yi ɗan kumburi. Bai fashe ba, amma likita ya ba da shawarar a toshe shi tun da wuri.

Ranar da ta nemi hutu, hankalin kowa a shagon ya tashi. Ana ganin aikin ƙwaƙwalwa ai sai wanda Allah ya yi wa sauran kwana. Anti kanta sai da ta share hawaye, ta ce, "Je ki, Allah ya tashi kafaɗarki."

Lokacin kuwa hutun makaranta ya kusa ƙarewa, kayan ɗalibai sun taru jibgi, iyaye suna ta sintiri. Anti ce ta koma yanka da kanta har bayanta ya riƙe.

Ba a daɗe ba sai ga Maman 'Yan Biyu ta shigo da ƙafarta, tana murmushi. Ta ce, "Anti, na san aiki ya yi muku yawa. Na zo in riƙa sa maɓalli ina zaune."

Anti ta kalle ta sama da ƙasa. Ba bandeji a kai, ba rama, ba mai riƙe ta. Zuciyarta ta ce an mayar da ita sakarya.

"Ina aikin da aka yi miki?"

"Ta nan suka shiga, Anti." Ta nuna wata 'yar filasta a wuyan hannunta.

Anti ta kwashe da dariya. "Ku zo ku ji! Ciwo a kai, aiki a hannu. Ni za ki kawo wa wannan?"

Kafin kowa ya ankara, ta fizge ɗankwalin matar. Ga kitso nan daram, ko gashi ɗaya ba a taɓa ba. Kekunan ɗinki suka tsaya. Maman 'Yan Biyu ta sunkuya ta ɗauki ɗankwalinta.

Anti ta ce, "Tunda kin huta, tashi ki sauko da bandir-bandir ɗin yadin da ke kan kantar can."

"Likita ya ce kada in ɗauki abu mai nauyi."

"To ki ɗauka, ko ki je likitan ya ba ki aiki."

Mace mai yara biyu a makaranta ba ta wasa da aikinta. Ta ɗauki na farko, ta ɗauki na biyu. Tana cikin sauko da wani sai ta saki, ta dafe hannu. Wuyan hannun ya kumbura suntum, jini ya jiƙa filastar yana ɗiga a kan farin yadi.

Nan Anti ta yi maza ta riƙo ta. Ita ta ja mota zuwa asibiti, ba ta ma san ta fito da takalmi wari da wari ba.

Bayan an danne wurin jinin ya tsaya, likitan ya kira Anti, yana zaton 'yar uwar mara lafiyar ce. Ya nuna mata hoto a kwamfuta.

"Kin ga wannan ɗan ƙullin? Shi ne kumburin. Mun zura siririn bututu ta jijiyar hannunta har cikin kai, muka cushe shi da zaren ƙarfe mai laushi, don jini ya daina shiga. Ba kowane aiki ne sai an buɗe kai ba. Amma tana shan maganin da ke hana jini daskarewa, na kuma ja mata kunne sosai. Me ya kai ta ɗaukar kaya?"

Anti ta miƙe ta fito.

A bakin ɗakin da aka kwantar da mara lafiyar ta tarar da mahaifiyar Maman 'Yan Biyu, wata tsohuwa mai dogara sanda. Tsohuwar ta kama hannunta da hannu biyu.

"Ke ce uwar ɗakinta? Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ta ce min ita ce ta yi gangancin ɗaukar kaya, ke kuma kika bar shagonki kika kawo ta. Irinku sun yi ƙaranci."

Da mari aka yi wa Anti da ya fi mata sauƙi. Ta leƙa ciki, ta ga matar da ta tozarta a gaban jama'a kwance, tana girgiza mata kai alamar ta yi shiru. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta durƙusa a gaban tsohuwar, a nan inda mutane ke wucewa.

"Inna, ki daina sa min albarka. Ba ganganci ta yi ba. Ni na ce ƙarya take yi, ni na sa ta."

Tsohuwar ta dube ta. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta ce, "To shiga ki faɗa mata. Ba ni kika yi wa ba."

Darasi: Ba kowane ciwo ne yake barin tabon da ido zai gani ba. Idan wani ya ce maka ba shi da lafiya, kuma abin ya fi ƙarfin saninka, ka tambaya kafin ka ƙaryata shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu mutane a ƙarƙashinsu.