Carbin Malam Jatau

Ku matso kusa. Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da bakin gardama in na gama.

A wani babban birni da teku ya raba biyu, an yi wata tsohuwa, Iya Tabawa. Jirgin fito ya kife da mijinta, Malam Jatau, ruwa ya kai gawarsa ɗaya gaɓar, mutanen can suka yi masa sutura a ranar. Tun daga nan ko kwalekwale ta hango sai ta juya baya don tsoro. Ta tsufa da buri guda: ta tsaya a gaban kabarinsa ta yi masa addu'a.

Da aka tashi haƙa hanyar mota da ta jirgin ƙasa ta ƙarƙashin tekun, 'ya'yanta uku duk suka tafi wurin.

Ɗanlami, babbansu, mai awon ƙasa ne. Daga gaɓa biyu ake haƙowa don a haɗu a tsakiya, shi ya gano ramukan sun fara karkacewa. Ba don shi ba, da sun wuce juna kamar masu gaba.

Cindo yana cikin masu haƙa. Ranar da ruwa ya ɓalle, kowa ya yi ta kansa, shi ya tsaya, ruwa har ƙirji, yana ɗura siminti sai da ɓarakar ta toshe. Har yau kunnensa ɗaya ba ya ji.

Hanya ta haɗu, Iya ta ce atafau. "Saman ruwa ya cinye ubanku, ku ce in shiga ƙarƙashinsa?"

Auta kuwa bai taɓa ɗaga shebur ba, shayi yake sayar wa ma'aikata a bakin ramin. Sai ya roƙe ta ta riƙa kawo masa tuwo da kanta. Kullum ya ɗan tura teburinsa ciki.

"Iya, ƙaraso, ga ni nan gaba kaɗan."

"Ɗan nema, kai ba ka zama wuri ɗaya ne?"

Tana faɗa tana tafiya, har ranar da ta ga hasken rana a gabanta, ashe ta ɓullo ɗaya gaɓar. Ni dai na ce ta gane tun farko, biye masa kawai ta yi.

Aka kai ta kabarin, ta yi addu'arta, ta share hawaye. Sai ga dattijon da ya yi wa mamacin wanka, ya miƙo mata carbin da ya cire daga wuyan Malam Jatau, yana ajiye da shi duk shekarun nan. Ta juya, ga 'ya'ya uku sun zuba wa carbin ido.

To, jama'a, a hannun wa za ta sa shi?