Dalilin da Ya Sa Ayaba Ke Haihuwa Sau Ɗaya

Dalilin da ya sa ayaba ba ta haihuwa sau biyu, yau zan faɗa muku, tunda tun safe kuke bina da harara don na sa adda na sare wadda ke bayan ɗaki. Ke Sahura har da cewa wai Kaka ba ta da tausayi, ta kwashe 'ya'ya ta kashe uwa. To zauna ki ji, bakin nan naki ya huta.

A da can ayaba ba haka take ba. Kowace shekara takan haihu kamar mangwaro, ta tsufa a tsaye. A cikin 'ya'yanta akwai ƙwallo baƙi mai tauri, in mutum ya ci ya tofar sai ya tsiro inda ya faɗi. Ganyenta kuwa babu tsaga ko ɗaya, har shanyar barkono ake yi a kai.

To akwai wata mata, Barmani, da ta shuka ayaba a bakin makwararar gidanta, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke bi. Ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Tokar murhu da kashin tumaki duk a gindinta take zubawa, in rani ya tsananta ta rufa mata busasshiyar ciyawa don ƙasa ta riƙe laima. A zamanin nan itace yakan yi magana da wanda ke kula da shi, saboda haka in aiki ya yi sauƙi sai su yi ta hira.

Ana nan Barmani ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Hansai. Gwaggon mijinta, wata tsohuwa Dela, ita ke dafa mata ruwan wankan jego. Kullum in an gama, Dela ba ta zubar da sauran ruwan sai ya huce, kuma sai ta yi bismillah ta ce a kauce.

Barmani ta ce, "Gwaggo, wa kike cewa ya kauce, ga fili ba kowa?"

Dela ta ce, "Ba mu kaɗai ne a gidan nan ba, 'yar nan. Mutanen ɓoye ma suna da 'ya'ya, kuma suna son inuwa mai sanyi in rana ta take."

Ran nan aka yi rasuwa a ƙauyen su Dela, ta tafi tun da sassafe. Maigidan yana gona. Barmani ta yi ta fama ita kaɗai, itacen ɗanye, wutar ta ƙi kamawa, ruwa bai tafasa ba sai da rana ta kusa tsaka. Tana gama wanka Hansai ta tsanyare da kuka a ɗaki. Ga sauran ruwa a tukunya yana tururi. Ba ta jira ya huce ba, ba ta ce komai ba, ta tuntsurar da shi a makwarara ta juya da sauri.

Sai ta ji ƙara daga gindin ayaba, siririya, irin ta jariri. Ta waiga, ba kowa. Warin ƙonannen gashi ya tashi. Kajin da ke tono suka tsaya cik, sannan suka ruga ƙarƙashin rumbu. Duk gidan ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Tsoro ya kama Barmani, ta shiga ɗaki ta rungumo 'yarta.

Ta cikin asabari ta hango guguwa ta tsallako danga. Kun san guguwa takan wuce ne abinta. Wannan ba ta wuce ba. Ta tsaya a tsakar gida tana juyawa wuri ɗaya, doguwa har sama, baƙa, yayi da kara suna kewaye ta. Daga cikinta murya ta fito, ta mace, a dushe saboda kuka.

"Wa ya zuba wa ɗana ruwan zafi?"

Barmani ta ƙanƙame Hansai. Muryar ta ci gaba.

"Na kwantar da shi a inuwa na je ɗebo ruwa. Na dawo na tarar babu rai. Ke mai jego, fito da abin da ke hannunki."

Jinkar ɗakin ta ɗaga ta yi sama. Barmani ta fito a guje, ba ta san inda za ta ba. Sai ta ji ayaba na cewa, "Nan, Barmani, kawo ta nan." Ta faɗa gindinta da jaririyar, ayaba ta sauko da ganyenta gaba ɗaya ta lulluɓe su.

Guguwa ta auka musu. Barmani tana ciki, cikin duhun ganye, tana jin ana yagar su ɗaya bayan ɗaya kamar ana keta tsohon zane. Kowace tsaga haske ya shigo, ta ga baƙin abin yana leƙowa, ta ji sanyinsa a ƙeyarta. Ta danne bakin Hansai a ƙirjinta tana addu'a, ba ta ma san me take faɗa ba.

Ayaba ta ce, "Baiwar Allah, tsaya. A inuwata ɗanki ya kwanta, kuma ruwan nan domina aka saba zubo shi ta nan. In ɗa kike so, ɗauki nawa."

Guguwa ta ce, "Naki? Ke da ke zubar da su kowace shekara ba ki san adadinsu ba? Ɗaya gare ni. In za ki biya, sai dai ki ba ni duka. Daga yau babu sauran ƙwallo a cikinki. Kuma haihuwa ɗaya ta rage miki. Ranar da 'ya'yan suka ƙosa zan dawo, in same ki a mace ko in tumɓuke ki da kaina. Yadda na rasa baya, ke ma ki rasa."

Barmani ta ce, "Kada ki yarda, laifina ne."

Ayaba ta ce, "Ke riƙe 'yarki. Na yarda."

Guguwa ta zagaye ta sau ɗaya, ta zuƙe ƙwallayen da ke cikinta ƙaf, ta tsallake danga ta tafi. Da Dela ta dawo ta ga ɗaki ba jinka, ganyen ayaba a tsattsage, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a ƙasa ta riƙe kai.

Tun daga ranar Barmani ba ta ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ta daina zuba toka da taki, ta karkatar da makwarara wani gefe, wai don kada ayaba ta sami ƙarfin haihuwa, tunda haihuwar ce ajalinta. Ayaba ta fara ramewa, ta kira ta.

"Maido mini ruwana. Kawo fartanya ki ɗan tona nan gefena, a hankali."

Ta tona. Sai ga wani ɗan tsiro fari, mai tsini, manne da saiwar uwar, ga wani ƙarami a bayansa.

Ayaba ta yi ƙasa da murya ta ce, "Guguwa ta sama take bi, abin da ke cikin ƙasa ba ta gani. Amma in ta zo ta tumɓuke ni, da su za ta fito. Saboda haka ranar da 'ya'yana suka ƙosa, ke za ki riga ta. Ki sare ni, ki daddatsa ni, ki rufe su da jikina. In ta tarar da ni a mace, alkawari ya cika."

Barmani ta ce, "Da wane hannu?"

"Da wanda kika tuntsurar da tukunya."

Barmani ta maido ruwa da taki. Ayaba ta murmure, ta fid da jan fure, 'ya'ya suka jeru suna kumbura. Barmani kullum sai ta duba su gabanta na faɗuwa. Hansai kuwa har ta fara rarrafe.

Wata rana da tsakar rana, kaji suka sake rugawa ƙarƙashin rumbu. Gida ya yi tsit. Can bayan gari Barmani ta hango kara na tashi sama. Ta ɗauko adda, ta tsaya gaban ayaba, ta ɗaga ta sauke, ta kasa.

Ayaba ta ce, "Ta kusa danga, Barmani."

Ta runtse ido ta kai sara. Ruwa ya tsiyayo daga jikin ayaba ya jiƙa mata ƙafa. Ta sare 'ya'yan ta ajiye gefe, ta kayar da uwar, tana datsa tana kuka, ta jera guntayen a kan tsiron ta rufa ganye. Tana ɗora na ƙarshe guguwa ta tsallako.

Ta tsaya a kan tarin tana juyawa. Wani ganye ya ɗan ɗaga, Barmani ta sa ƙafa ta take shi. Guguwa ta ɓare ayaba ɗaya, ba ta ga komai ba sai ɗige-ɗigen baƙi, gurbin ƙwallayen da ta kwashe. Ta dubi Hansai da ke goye, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "An biya." Ta wuce, ba ta sake tsayawa a gidan ba.

Da aka kwana biyu, tsiron ya huda ruɓaɓɓen jikin uwarsa ya fito kore shar.

Shi ya sa har yau ayaba ba ta da ƙwallo, ganyenta a yage yake, 'ya'yanta ta ƙarƙashin ƙasa suke fitowa, kuma in ta haihu sau ɗaya mai ita ke sare ta da hannunsa ya rufa wa na baya. Ni ma ba da daɗin rai na ɗauki addar nan ba, Sahura. In ba ki yarda ba, je ki ɗaga guntun da ke gefen makwarara ki leƙa, za ki ga ɗan yana nan. Amma ki mayar ki rufe shi da kyau, rana ta kusa tsaka.