Ƙwan Zabuwa da Kunnen Fada

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Zabuwa ce ta dawo kiwo, ta tarar da Tsari a sheƙarta, bakinsa duk gwaiduwa. Ta ja shi har gaban Kare, sarkin dogarai.

Kare ya ce, “Sake shi, baiwar Allah. Wannan kunnenmu ne. Shi ya tona mana asirin Tunku da Kumurci, manyan ɓarayin ƙwai.”

Zabuwa ta ce, “Ranka ya daɗe, da su uku ke raba ƙwaina, har nakan tsira da ɗaya. Yanzu kun kwashe masa abokan hamayya, shi kaɗai ke lashewa. A biya ni!”

Kare ya ce, “Za a bincika.” Sai ya juya. “Malam Tsari, wa kake zargi?”

Tsari ya goge baki, ya ce, “Ita ma a sa mata ido.”

Kun ji fa! Tun ranar Zabuwa ke ɓoye ƙwanta a daji, tana yawo tana ƙara, kuma har yau ba a biya ta ba.

Ƙurunƙus, amma kan Tsari, ba kan kusu ba.